Dan Allah a taimaka: laftof na kawo hoto babu sauti, gem kuma sai ɗaukewa yake

Baƙon_Zaure ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana harkar nan ku agaza min don wlh abin ya fara isata. Na samu sabuwar talabijin 4K kwanan nan, tana da ramin HDMI guda 3, biyu a baya ɗaya a gefe, ni kuma abubuwan da nake so in jona guda 4 ne, dikoda da na'urar gem da laftof ɗina sai doguwar sifikar nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin. To matsalar farko dai idan na jona laftof hoto yana zuwa tar amma sautin a cikin laftof ɗin yake ci gaba da fita, talabijin shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, ga kuma gefe-gefen hoton kamar an yanke, layin ƙasa inda agogo yake rabinsa kawai nake gani. Ta biyu kuma wadda ta fi ƙona min rai ita ce gem, ina tsaka da bugawa sai allon ya yi baƙi ƙirin na kamar daƙiƙa 2 ko 3 sannan ya dawo, wani lokaci har ya rubuta min "No Signal" kafin ya dawo, kuma ba ya tashi yi sai ana tsakiyar wasa. Wayar da nake amfani da ita wata doguwa ce da na tsinto a durowa, inaga za ta kai mita 5, tun zamanin tsohuwar dikodarmu take. Wani ya ce min in je in sayi mai kan zinare wai ita ce ke kawo hoto mai kyau kuma ba ta yankewa, to kafin in zubar da kuɗi na ce bari in tambaya, gaskiya ne ko dai ciniki ake so a yi da ni? Sannan ya zan yi da rami 3 kaya 4, na gaji da leƙa bayan talabijin ina zare wannan ina soka wancan.

Ɗan_Kibod ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ta laftof ɗin nan ba matsala ba ce ɗan uwa, babu abin da ya lalace. HDMI tana ɗaukar hoto da sauti a waya ɗaya, kawai kwamfutar ce ba ta juya sautin ba. In Windows ce ka danna alamar sifika da ke ƙasa kusa da agogo, ka buɗe jerin wuraren fitar sauti, za ka ga sunan talabijin ɗinka a ciki, zaɓe shi shikenan. Amma ka tabbatar talabijin na kunne kuma tana kan ramin da ka jona lokacin da kake dubawa, in ba haka ba sunan ba zai fito ba. In ka duba babu shi sam to ka sabunta direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin hoton kwamfutar, don sautin HDMI ta hannun katin hoto yake bi, mutane da yawa direban sauti suke ta sabuntawa a banza.

Yankewar gefe kuma talabijin ce ke ɗan zuƙo hoton, tsohuwar ɗabi'a ce da suka gada tun zamanin masu ƙeya. Shiga wajen girman hoto ka nemi abin da zai nuna shi yadda ya zo, a LG sunansa "Just Scan", a Samsung "Screen Fit" ko "Fit to Screen", a Sony "Full Pixel". Kuma ka danna maɓallin Windows da na P tare a kibod, nan ne za ka zaɓi ko allon biyu su nuna abu ɗaya ko talabijin kaɗai. Ta gem na bar wa manya.

Mai_Sukudireba ya rubuta:

Malam Baƙo sannu da fama. Bari in fara da zinaren tunda shi ne zai ci maka kuɗi. Ruwan zinaren da ake shafa wa kan waya amfaninsa ɗaya ne, yana hana tsatsa, bayan wannan ba ya ƙara wa hoto ko ƙwayar haske ɗaya. Wayar nan ba irin tsofaffin nan masu kai uku ja da fari da ɗorawa ba ce, waɗanda in waya ta yi rauni hoto ya yi dishi-dishi ko yayyafi. Ita HDMI lambobi take turawa, sifili da ɗaya, in sun isa lafiya hoton da za ka gani da mai araha shi ne dai za ka gani da mai tsada, in kuma ba su isa ba sai ka ga ɗige-ɗigen haske suna ƙyalli a allon kamar taurari, ko ya riƙa ƙiftawa, ko ya ɗauke gaba ɗaya irin yadda naka ke yi. To kaga abin tambaya a waya shi ne nawa take iya ɗauka, kalar kanta ba ruwanka da shi.

Kuma ni ina zargin wayar taka ce, ga dalili. Dikodar da kuke da ita a da hoto mai layi 1080 take fitarwa ko ƙasa da haka, wannan kaya ne mara nauyi, kusan kowace waya za ta ɗauka. Yanzu ka ɗora mata 4K da HDR, tsarin nan da ke ƙara wa hoto haske da kala, ka ga ka ɗauki kayan babbar mota ka labta wa keke. HDMI ta fito ne a ƙarshen 2002, kuma tun daga nan ake ta faɗaɗa hanyar, ta 1.4 da ta zo a 2009 tana tsayawa a wajen gigabit 10.2 a daƙiƙa, 4K ɗinta hoto 30 ne a daƙiƙa, sai 2.0 a 2013 ta kai gigabit 18 wadda ke ba da 4K a kan 60, sannan 2.1 a 2017 ta kai 48, ita ce ke ba da 4K a kan 120 da masu gem ke so. Kan wayar duk iri ɗaya ne, fil 19 ne a ciki tun farko har yau, shi ya sa tsohuwa ke shiga sabon rami daram kai kuma ka ɗauka ai shikenan. Ga tsawo kuma, mita 5 a tsohuwar waya da 4K, ai ta ma yi ƙoƙari da take kawowa.

Kafin ka sayi komai yi wannan gwajin. Shiga saitin gem ɗin ka sauke shi zuwa 1080 ka kashe HDR ka buga kamar awa ɗaya. In ɗaukewar ta tsaya to ka kama ɓarawon, waya ce. Sannan ina wayar da ta zo a kwalin gem ɗin? Na tabbata tana nan a naɗe ko ledarta ba ka cire ba saboda ka ga gajeriya ce. PlayStation 5 da Xbox Series X dukkansu da wayar da ke ɗaukar gigabit 48 suke zuwa, in ɗaya daga cikinsu ne naka to kana da wayar da ta fi wadda ake son sayar maka, matso da gem ɗin kusa da talabijin kawai.

In dole sai ka saya, sunan ajin za ka duba a jikin kwali. "High Speed" ita ce ta 10.2, "Premium High Speed" ta 18, "Ultra High Speed" ta 48. Biyun ƙarshe in na gaske ne suna da tambari mai lambar QR a kwalin da za ka iya dubawa da wayar hannu. Wanda ya rubuta maka "8K" da manyan baƙaƙe babu tambarin nan, to bakinsa ne kawai. Kuma ka sayi daidai tsawon da kake buƙata, mita 2 ta fi mita 5 kwanciyar hankali.

Abu biyu da zan ƙara don kar ka zo ka ce na ɓoye maka. Na ɗaya, akwai ɗaukewar da ba cuta ba ce, in ka buɗe wasa allon ya yi baƙi na daƙiƙa ɗaya ko biyu a farko ko lokacin fita, wannan talabijin ce ke sauya yanayi zuwa HDR, haka suke yi. Wadda ke zuwa a tsakiyar wasa ita ce matsala. Na biyu, talabijin da yawa ramukansu ba ƙarfinsu ɗaya ba, ka haska tocila a bayan ka karanta ƙananan rubutun da ke gefen kowane rami, za ka iya ganin an sa 4K 120 a ɗaya ko biyu kawai, kuma wasu sai ka shiga saiti ka buɗe wa ramin cikakken ƙarfinsa da hannunka, Samsung na kiransa "Input Signal Plus", LG "HDMI Deep Colour", Sony kuma "Enhanced format". Na sha ganin mutum ya shekara yana buga gem babu HDR bai sani ba saboda wannan ɗan makunnin.

Uwar_Biyu ta rubuta:

Ni dai ta sifikar zan yi magana don ita ta taɓa wahalar da ni. Ƙanina ka duba ramukan nan uku, akwai guda ɗaya da aka rubuta ARC ko eARC a gefensa, to wannan na sifikar ne, kar ka ba kowa shi. Shi kaɗai ne ke iya mayar da sauti daga talabijin zuwa waje, sauran duk karɓa kawai suke yi. Ni sati guda na yi da tawa a ramin da ba nata ba ina ta cewa an sayar min da matacciya, har na mayar da ita kwali na ɗaure, ashe rubutun na nan ƙanana a bayan talabijin ban gani ba sai da yarona ya ɗauki hoton wajen da waya muka zuƙo. A jikin sifikar ma ka lura, in tana da rami biyu wanda aka rubuta OUT ko TV shi ke zuwa talabijin, ɗayan mai IN kuma kyauta ce aka ba ka, kana iya soka dikoda a nan hoton ya ratsa ta cikinta ya wuce, kaga matsalar rami 3 kaya 4 ta kau ba ka sayi komai ba.

Sai dai ARC ba ya aiki sai ka kunna abin nan da ke sa na'urori su riƙa jin maganar juna, CEC, kowane kamfani da sunan da ya laƙaba masa, Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony. Yana da daɗi don rimot ɗaya zai riƙa ƙara maka murya ya kashe komai tare, amma fa yana da shisshigi, ina zaune ina kallon labarai yaran nan su taɓa hannun gem a ɗaki kawai sai talabijin ta tsallake ta koma gem ba wanda ya tambaye ta. Daga baya a cikin saitin gem ɗin na kashe nasa na bar na sifikar, aka zauna lafiya.

Tsohon_Hannu ya rubuta:

Mai_Sukudireba ranka ya daɗe ban ƙi taka ba amma kar a sa yaro ya je ya kwaso ta banza. Ni na sayi masu arahar nan har guda uku a shekara ɗaya, ɗaya kan ya cire ya maƙale a cikin ramin sai da na sa ɗan hantsaki na zaro shi, ɗaya kuma in ka taɓa ta kaɗan hoto ya tafi. Tunda na sayi mai kauri ban sake waiwaya ba. Araha dai ba ta ado.

Mai_Sukudireba ya rubuta:

Yaya Tsohon_Hannu ai ba mu saɓa ba, kai kana maganar ƙwari ni ina maganar hoto. Waya mai kyawun haɗi ta fi daɗewa, wannan ba musu, musamman wadda kullum ake zarewa ana sokawa irin ta laftof. Abin da na ƙi shi ne a ce wa mutum kalar za ta fi fitowa ko baƙin zai fi baƙi don ya ninka kuɗi. Kuma kaurin ma yana da nasa sharrin, waya mai nauyi in ta rataya a ramin gefe tana jan shi ƙasa a hankali har ya saki daga allon ciki, kuma gyaran rami ya fi sayen waya ciwo nesa ba kusa ba. In talabijin na manne da bango a nemi ɗan adafta mai lanƙwasa, kar a tanƙwara wayar da ƙarfi.

Tunda na dawo bari in ƙarasa ta ramuka, in sifikar Malam Baƙo ba ta da IN ɗin da Hajiya ta faɗa. Abin da za ka nema suwic ne, mai karɓar na'urori biyu ko uku ya fitar da ɗaya zuwa talabijin. Ka kiyayi sifilita, kamarsu ɗaya a ido kuma masu sayarwa kansu suna haɗa su, ita aikinta akasin haka ne, na'ura ɗaya take rabawa talabijin biyu. Ka sa dikoda da laftof a suwic ɗin tunda su ba su da nauyi, gem kuwa ka ba shi raminsa shi kaɗai kai tsaye, duk abin da ka sa a tsakani wata ƙofa ce ta matsala. Wata hanyar kuma ka jona sifikar da wayar haske, optikal, ramin ARC ya zama naka, sai dai ita ba ta ɗaukar manyan tsarin sauti irin Dolby Atmos, kuma ba lallai rimot ɗin talabijin ya riƙa sarrafa muryar ba.

Sannan akwai abin da ya kamata kowa ya sani don shi ke kawo rabin "No Signal" ɗin da ake kuka da shi. Duk lokacin da ka soka wayar, na'urorin biyu sai sun gaisa tukuna, talabijin ta faɗi abin da take iya nunawa, wannan shi ake kira EDID, sannan su yi musayar makullin hana satar fim, HDCP, wanda Intel ta ƙirƙiro. Fim ɗin 4K mai kariya yana neman HDCP 2.2 a duk abin da ke kan hanyar, in suwic ɗinka tsoho ne bai san shi ba sai ka ga baƙin allo ko hoton ya sauka zuwa 1080 alhali komai lafiyarsa ƙalau. In gaisuwar ta harɗe maganinta a kashe komai, a zare daga wuta kamar minti ɗaya, a kunna talabijin tukuna sannan na'urar. Da wannan kaɗai na sha tayar da kayan da masu su suka riga suka yi musu ta'aziyya.

Baƙon_Zaure ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wlh kamar kuna ɗakin. Malam Mai_Sukudireba wayar tana nan cikin kwali kamar yadda ka ce, ko ɗan igiyar da aka ɗaure ta da shi ban kwance ba, kunya ta kama ni ni kaɗai. Na fara yin gwajin 1080 ɗin da tsohuwar, awa ɗaya da rabi ko ƙiftawa babu, na mayar 4K ko minti 20 ba a yi ba ya ɗauke. Na sa ta kwalin na matso da gem ɗin kan teburin, tun jiya da daddare nake bugawa shiru kake ji. Na kuma samu makunnin nan na buɗe wa ramin ƙarfi, ashe a kashe yake, yanzu gem ɗin da kansa ya nuna min HDR na aiki. Sautin laftof ma ya dawo talabijin, Ɗan_Kibod na gode, agogona ya fito cikakke. Anti Uwar_Biyu sifikar tawa rami ɗaya gare ta babu IN, don haka suwic zan nema, kuma da gaske a ramin da ba nata ba na sa ta da farko, dikoda ce zaune a kan ARC tana cin gadon da ba nata ba.

Saura abu ɗaya dan Allah kar ku gaji da ni. Na ga ana sayar da waya mai kan USB-C a gefe ɗaya HDMI a ɗayan, in na saya zan iya jona wayar hannuna da talabijin? Sannan akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur a gidan mai ramin nan shuɗi mai ƙusoshi biyu, ita ma ko akwai dabara.

Ɗan_Kibod ya rubuta:

Ta wayar hannu kar ka saya sai ka bincika, don ba kowane ramin USB-C ke fitar da hoto ba, kamarsu ɗaya amma wasu caji da tura fayil kawai suka iya. Nemi bayanan samfurin wayarka ka ga ko an ambaci "DisplayPort Alt Mode" ko fitar da bidiyo ta waya, in babu to ko wace iri ka saya caji kawai za ka gani talabijin na kallonka. Galibi manyan wayoyi ne ke da shi, ƙananan da yawa babu. In taka ba ta da shi sai dai ka tura ta iska in talabijin ɗin na karɓa.

Shuɗin ramin kuma VGA ne, shi ba lambobi yake turawa ba irin na da ne, don haka waya zalla mai kai biyu ba za ta yi ba, sai ɗan akwatin konbata mai juya siginal ɗin, kuma ka lura da alkibla, wanda ke kai VGA zuwa HDMI daban yake da mai kai HDMI zuwa VGA, mutane na yawan sayen na baya su dawo suna faɗa. Ka nemi mai ɗan ramin sauti da wayar USB ta wuta a jiki don VGA ba ya ɗaukar murya. Amma leƙa bayan kwamfutar tukuna, in akwai wani farin rami mai faɗi kusa da shuɗin to DVI ne, in mai fitar da lambobi ne ɗan adafta kawai yake so hoton kuma zai fi na VGA tsafta, sautin ne dai akasari sai ka ja masa tasa wayar daban. Turo hoton bayan nata mu gani kafin ka sayi wani abu.